Amfilifayar jita tana fito da kanta: ta ina ake fara bincike?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai gyaran rediyo da kayan sauti a Jos. An kawo masa amfilifayar jita mai bawul, tokumbo 'yar Amurka, mai manyan bawul 6L6 biyu da ƙananan bawul 12AX7 uku (bawul su ne kwalaben gilashin da ke haɓaka sigina). Taransifomar da ke kai sauti ga sifika ta ƙone, ya kai wa mai naɗi ya sake naɗa ta. Tun da ya mayar da ita, da an ɗaga bolum ya wuce rabi sai amfilifayar ta fara wani fito mai tsini, ko da an zare jitar. Wani lokaci fiton ya ɗauke, amma sauti ya sirance, manyan bawul ɗin su ɗau zafi fiye da kima. Ya canza bawul duka, ya canza bolum, ya liƙa ƙananan kafasita nan da can, abin na nan. Ba shi da osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina a allo. Yana tambaya: me kuma ya rage a canza?

Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Ka dakata da canje-canjen nan tukuna, don mai yiwuwa ne babu ko kaya ɗaya da ya mutu a cikin amfilifayar. Abin da ke faruwa shi ne sigina da ta riga ta fita ta sami hanyar komawa baya, ta sake shiga, aka sake haɓaka ta, ta sake fita. Ka san yadda lasifikar masallaci ke tsala ihu idan ladan ya matso da makirufo kusa da ita? Aikin ɗaya ne, sai dai a can iska ce hanyar komawar, a nan kuwa hanyar tana cikin shasi, ƙarfen da aka ɗaura kayan a kansa: ko wata waya, ko wayoyi biyu da suka kwanta kusa da juna, ko layin wuta, ko layin ƙasa. Sharuɗɗan biyu ne, kuma tun 1921 Bajamushen nan Barkhausen ya bayyana su. Dole abin da ya dawo ya dawo ta fuskar da zai ƙara wa wanda ke shiga ƙarfi, kuma dole ƙarfinsa ya kai a ce bai ragu ba bayan ya gama zagaye. Ka karya ɗaya daga cikinsu, kukan ya mutu. Aikinka ke nan: ka gano hanyar, ka yanke ta.

Don ka ga dalilin da ya sa amfilifayar jita ta fi ta rediyo saurin kamuwa da wannan, duba lissafin. Rabin 12AX7 ɗaya, da resista 100k a filet, wato ƙafar da sigina ke fita, yakan haɓaka sigina sau 50 zuwa 60. Ka jera uku, kafin a cire abin da maɓallan bes da tirebul ke ci, ka haura sau 100,000. Ke nan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, in ya tsallaka daga ƙarshe zuwa farko, ya wadatar. Kuma kowane mataki yana juya sigina. Na farko ya juya, na biyu ya mayar da ita daidai. Saboda haka wayar filet ta mataki na biyu ita ce babbar abokiyar gabar wayar girid, wato ƙafar da sigina ke shiga, ta mataki na farko. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin ka sa hannu, gyara kayanka. Amfilifaya mai 6L6 tana ɗauke da volt 400 zuwa 500 a manyan kafasita, kuma sukan riƙe wutar bayan an kashe an zare fulogi. Kada ka sauke ta da sukurdireba. Sami resista 22k zuwa 47k mai wat 5, ka sa mata wayoyi masu baki, ɗaya a shasi ɗaya a kan kafasitar, ka jira, ka auna da mita har ka ga ta sauka ƙasa da volt 10. In kana bincike da wuta a kunne, hannu ɗaya kawai, ɗayan a aljihu, takalmin roba a ƙafa, agogo da zobe a kan tebur. Da yake 'yar Amurka ce mai volt 120, ka tabbata taransifomar rage wuta da kake amfani da ita ta fi ƙarfinta, ka kuma duba ko fuloginta mai ƙafa biyu ne. In haka ne, ka sa mata waya mai uku ka haɗa shasi da ƙasa. Sannan kada ka taɓa kunna amfilifaya mai bawul ba sifika ko resistar da za ta tsaya a madadinta, mai ohm daidai da na sifikar, mai wat da ya fi na amfilifayar. Wadda ke kuka ba kaya a bakinta, a nan take sake ƙona taransifomar da ka biya kuɗin naɗi.

Ka ce tana yi ko an zare jita, to wannan ya sauƙaƙa mana, amma bari in faɗi na waje a taƙaice don masu karatu da nasu ya bambanta. In kukan yana mutuwa da zarar an dafe tsirkiyoyin jita da tafin hannu, ba ciwo ba ne, sautin sifika ne ke kaɗa tsirkiya, kuma makaɗan jitar Agadez da ke buga biki a fili da janareto da gangan suke wasa da shi. In an dafe tsirkiya amma fito mai tsini bai tsaya ba, sai an rage bolum na jikin jitar, to fikof ne, abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jitar: naɗinsa ko murfinsa ya saki yana rawa. Maganinsa a tsoma shi cikin narkakken kakin kyandir da aka haɗa da ɗan kakin zuma, zafi kamar digiri 65, har kumfa ya daina fitowa. Haka kuma makaɗin da ke tsayawa da jitarsa dab da amfilifaya, fikof na iya ɗaukar maganaɗisun taransifoma kai tsaye. Ya ja da baya taku biyu.

A naka, fara da jak na shiga. Yana da wani ɗan harshe da ke haɗa girid na farko da ƙasa idan ba a soka komai ba. Ƙurar hunturu da tsatsa sukan hana shi taɓawa, sai girid ya zauna a buɗe yana kwasar duk abin da ke yawo a shasi. Ka auna daga bakin jak zuwa shasi ba tare da fulogi ba, ya kamata ka ga kusan sifili. Ka ƙwanƙwasa kowane bawul a hankali da bayan fensir. Wanda ya amsa da ƙara kamar ƙararrawa ya ci gaba da ringi, yana da rawa a ciki, kuma sabo ma yakan zo da haka. Ka mayar da shi wani soket na gaba, ka kawo mafi shiru soket na farko. In tana da Reverb, rufe shi gaba ɗaya ka ji. Duk wannan aikin minti goma ne.

Yanzu ga wanda nake zargi. Ka ce ciwon ya fara ne bayan an taɓa taransifomar fita, kuma a wurina wannan ya fi duk sauran bayanan nauyi. Yawancin amfilifaya masu 6L6 suna da wata waya da ke tasowa daga jak na sifika, ta bi ta resista ɗaya, ta koma bawul ɗin da ke raba sigina biyu don manyan bawul. Wannan fidbak ne na gangan, dabarar da Harold Black ya ƙirƙiro a Bell Labs a 1927: a ɗebo kaɗan daga abin da ya fita, a mayar da shi a juye don ya rage datti ya daidaita sauti. A amfilifayoyin kamfanin Fender na tsakiyar shekarun 1960 resistar 820 ohm ce, a tsohuwar amfilifayarsu Bassman ta 1959 kuwa 27k. Ka nemo wannan waya, ka kashe wuta, ka sauke kafasita, ka cire bakinta ɗaya ka naɗe da tef, ka kunna.

In kukan ya ɗauke, ka kama ɓarawon a unguwarsu, saura gida. Sa jita ko wata sigina a bolum kaɗan, ka lura da ƙarfin sauti da wayar a cire, sannan ka kashe, ka mayar, ka sake ji. Fidbak na ƙwarai rage sauti yake yi. In ka mayar da wayar sauti ya ƙaru, to an juya taransifomar, abin da ya kamata ya rage ya koma yana ƙari. Gyaran ba ya cin ko sisi: wayoyi biyu na taransifomar da ke zuwa ƙafa ta 3 a soket ɗin 6L6 biyu, ka musanya su. A taransifomar Fender ta asali shuɗiya ce da ruwan ƙasa, amma mai naɗi yakan sa duk launin da ya samu, saboda haka kada ka dogara da launi. Yawanci juyayyar taransifoma takan fara ihu ne tun bawul na ɗumi, ba ta jiran bolum. Amma inda fidbak ɗin ba shi da yawa, takan tsaya a bakin gaɓa, sai an ɗaga bolum ko maɓallin Presence ta faɗa. Shi ya sa ba na tsallake wannan gwaji ko da alamun ba su cika ba.

In kuwa ka mayar da wayar sauti ya ragu yadda ya kamata, amma fiton ya dawo, to magana ta koma kan naɗin kansa, kuma ina jin nan ne naka yake. Taransifomar sauti ba kamar ta wuta ba ce. Ta wuta Hz 50 kawai take ɗauka, in adadin zagaye da kaurin waya sun yi daidai, shi ke nan. Ta sauti kuwa ana so ta wuce da komai daga tsirkiya mafi kauri mai Hz 82 har can sama da abin da kunne ke ji, ba tare da jinkirta shi ba. Don haka masana'anta kan raba naɗin hawa-hawa: wani sashe na firamare (naɗin ɓangaren bawul), sannan na sakandare (naɗin ɓangaren sifika), sannan firamare kuma, su cuɗanya da juna. Masu naɗinmu, da yawansu gwanaye ne a fanka da injin ruwa da sitabilaiza, sukan naɗa firamare duka a dunƙule, su ɗora sakandare a kai. Mita za ta nuna komai daidai, amfilifaya za ta yi magana, amma a can sama, kHz 30 ko 50 ko fiye, taransifomar tana jinkirta sigina har ta kai fidbak ɗin da ya fita a juye ya dawo a daidai. A sautin da kake ji yana ragewa, a wanda ba ka ji yana ƙarawa.

Akwai abu na biyu da ke tafiya da wannan. In taransifomar tana da bakuna da yawa, na ohm 4 da 8 da 16, duba daga wanne aka ɗauki fidbak. Bakin 16 yana ba da ninki biyu na volt ɗin bakin 4. Da mutanen kamfanin Marshall suka kwaikwayi Bassman suka yi JTM45 a 1962, sun bar resistar 27k yadda take amma suka ɗauko daga bakin ohm 16, alhali Bassman daga ohm 2 take ɗauka, sai fidbak ya ninka kusan sau uku. Su taransifomarsu ta jure. Taka da aka naɗa a gida ba lallai ta jure ba, musamman in mai naɗin ya ƙara wa sakandare zagaye.

Magani mai sauƙi shi ne rage fidbak. Ninka resistar: in 820 ce sa 1.5k ko 2.2k, in 27k ce sa 47k ko 56k, in 47k ce sa 100k. Ko ka matsar da wayar zuwa baki mai ƙaramin ohm. Sauti zai ɗan ƙara kaushi, bes ya ɗan saki, shuu na bayan fage ya ɗan ƙaru, kuma makaɗa da yawa sun fi son haka. Vox AC30 ba ta da wannan fidbak sam, ba wanda ya ce ba ta da daɗi. Ni a ra'ayina, in mai kayan yana da hali, a nemo taransifoma ta gaske ko da tsohuwa ce daga mataccen amfilifaya mai 6L6 biyu. In ba hali, a koma wurin mai naɗi a roƙe shi ya raba firamare biyu ya sa sakandare a tsakiya, ya kuma sa takarda mai kyau tsakanin hawa da hawa. Nan gaba in za ka kai naɗi, ka tsaya a warware tsohuwar a gabanka, a rubuta yadda aka jera ta, ba adadin zagaye kaɗai ba.

To in ka cire wayar fidbak kuma kukan bai fasa ba fa? Sai a raba amfilifayar gida-gida. Maɓallan gaba su ne shaidunka na farko. Duk maɓallin da ke canza kukan, ko ƙarfinsa ko muryarsa, yana cikin zagayen ko yana dab da shi. Tunda naka yana jiran bolum, matakin da sigina ke bi kafin bolum yana ciki, wato sigina tana komawa har can farko. Ka kashe, ka zare 12AX7 na farko, ka kunna. In shiru, ka mayar ka tafi na gaba. In ka zare mai raba sigina kuma har yanzu manyan bawul na zafi suna jan wuta, to su kaɗai suke yi tsakaninsu. Akwai gwajin da ya fi wannan nuna wuri: kafasita 0.1µF mai volt 630, ƙafa ɗaya a shasi da waya mai baki, ɗayar ka taɓa girid ɗaya bayan ɗaya, ƙafa ta 2 da ta 7 a kowane 12AX7. Ta kafasita nake cewa, ba da waya tsirara ba, saboda wasu girid ɗin suna ɗauke da volt mai yawa. Girid ɗin da ka taɓa kukan ya mutu yana cikin zagayen. Wanda ka taɓa ba abin da ya canza yana waje.

Daga nan sai sanda. Sami busasshen tsinken katako ko na roba, kada ka ɗauki fensir a nan don bakinsa yana wuce wuta. Bar amfilifayar tana kukanta a kan resistar gwaji ko a bolum da kunne zai ɗauka, ka riƙa ture wayoyi ɗaya-ɗaya. Za ka iske wata da in ka matsar da ita rabin inci muryar fiton ta canza ko ta ɗauke. Ka tuna lokacin da kake cire taransifoma da mayarwa ka ture wayoyi da yawa ba ka lura ba, kuma sababbin wayoyin da mai naɗi ya bar maka wataƙila sun fi na asali tsawo. Wayoyin filet na 6L6 suna lilo da ɗaruruwan volt na sigina. In ka bar su da tsawo sun yi lanƙwasa sun bi ta kusa da ƙananan bawul ko maɓallan gaba, ba sai an nemi wani dalili ba. Yanke su daidai, murɗa su tare, su fito daga ramin shasi su tafi soket kai tsaye. Haka wayoyin sifika da ta fidbak, a nesanta su da jak na shiga. Wayar filet ta kwanta a jikin shasi, ta girid ta zama gajera, in dole su haɗu su gitta juna, kada su jera.

Inda waya mai ɗauke da ƙaramar sigina za ta yi doguwar tafiya, kamar daga jak zuwa girid na farko ko daga bolum zuwa bawul na gaba, sa waya mai riga, ka haɗa rigar da ƙasa ta baki ɗaya kawai. In ka haɗa duka biyu ka buɗe wa gurnani ƙofa. Duba kuma kusoshin da ke ɗaure layin ƙasa a shasi, da goron jak da na maɓallai. Ƙasar jak na sifika, inda amfiya biyu ko uku ke gudu, kada ta bi waya ɗaya da ƙasar matakin farko. Murfin ƙarfe na ƙananan bawul, in an zubar, a nemo. Wani abin da ke ruɗa masu gyara: akwatin katakon yakan zo da takardar alminiyom ko raga a manne ta ciki, wadda ke rufe buɗaɗɗen gefen shasi. Amfilifaya na iya yin fito a kan tebur ta yi shiru a akwati, ko akasin haka in takardar ta yage. Ɗora faifan ƙarfe a kan shasi, ya taɓa shi ba tare da ya taɓa komai na ciki ba, ka ji bambanci.

Akwai wasu ƙananan resista da aka sa musamman don wannan ciwo, kuma masu gyara kan cire su don ba su ga amfaninsu ba. A kan kowane soket na 6L6 a Fender za ka ga 1.5k tana shiga ƙafa ta 5, da 470 ohm tana shiga ƙafa ta 4. Zafin bawul yana gasa su shekara da shekaru, sukan tsage ko su canza, kuma ranar da taransifoma ta ƙone sau da yawa ta 470 ɗin takan tafi tare da ita. Auna su. Ta girid za ka iya ɗaga ta zuwa 5.6k, kamar yadda ake gani a Marshall masu EL34, kunne ba zai ji an rasa komai ba. Sharaɗin shi ne jikin resistar ya zauna a kan ƙafar soket ɗin, ba a can kan fanel da waya mai tsawo a tsakani ba. A ƙananan bawul ma haka: girid na 12AX7 a bakin aiki yana da kafasitans na kansa kamar pF 100 zuwa 150, sai resista 68k ta haɗu da shi su yanke abin da ya haura kHz 20. Ko 10k zuwa 33k ka sa a girid ɗin da ba shi da ita, ka rufe hanyar ba ka taɓa sautin jita ba, tunda sifikar jita kanta ba ta wuce kHz 5 da wani abin kirki.

Alamarka ta biyu, wato fito ya ɗauke amma sauti ya sirance bawul na zafi, ita ta fi ba ni tsoro. Kukan bai tsaya ba, hawa ya yi sama da kHz 20 inda kunne ba ya kaiwa. Amfilifayar tana zuba duk ƙarfinta a abin da ba wanda ke ji, ɗan abin da ya rage shi take ba jita. Sauran alamunsa: kana murɗa maɓalli sai ka ji ɗan "tuk" a wani wuri sauti ya faɗi, gurnani ya ƙaru ba dalili, ko wani ƙazamin zuu ya riƙa bin bayan kowace tsirkiya yana ɓacewa kafin ita ta mutu. In filet na 6L6 ya fara ja a duhu, kashe nan take.

Rashin osiloskof ba zai hana ka ganinsa ba. Mitarka a AC ba za ta taimaka sosai ba, don yawancin masu araha ba sa ganin abin da ya wuce 'yan ɗaruruwan Hz da kyau. Haɗa wannan: diyod 1N4148 daga bakin sifika mai wuta, bayanta kafasita 0.01µF zuwa ƙasa, mita a DC a kan kafasitar. Ba jita, ya kamata ka ga kusan sifili. Ka riƙa murɗa maɓallai. In mita ta yi tsalle zuwa volt 5 ko 15 alhali ɗaki shiru, ka gan shi. Hanya ta biyu, sa resista ohm 1 tsakanin ƙafa ta 8 ta kowane 6L6 da ƙasa, kowane milivolt a kanta miliamfiya ɗaya ne. A zaune za ka ga wajen 35 zuwa 40, in ya haura da kansa don ka taɓa bolum, labarin ɗaya ne. Ƙaramar rediyo a zangon MW kusa da shasi takan kama wanda ya hau sosai. In ka sami 'yan kuɗi, ƙaramin osiloskof irin DSO138 yana gani har kHz 200, ya isa wannan aiki, amma a bakin sifika kawai za ka sa shi, kada ka kai shi filet.

Kafasitocin da ka liƙa, cire su duka kafin ka fara gwaje-gwajen nan, don suna ɓoye maka shaida. Ba haramun ba ne a sa su. Bassman da JTM45 suna da pF 47 tsakanin filet biyu na mai raba sigina, kuma bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, samfuran da suka fito daga 1968 sun zo da ƙananan kafasita daga girid na manyan bawul zuwa ƙasa don kashe irin wannan kuka. Har yau masu gyara suna cire su su gyara kwanciyar wayoyi a maimakonsu, saboda suna dushe sauti. Kafasita ita ce ta ƙarshe, bayan ka san matakin da ke ciwo: pF 100 zuwa 250 mai volt 500 ko fiye a kan resistar filet ta wannan matakin kaɗai, mafi ƙanƙantar da za ta yi aiki. In ka watsa su ko'ina, garin neman gira za a rasa ido, mai jita ya dawo ya ce ka toshe wa amfilifayarsa hanci.

Ba ka ambaci wannan ba, amma tsohuwar amfilifaya ce, zai iya biyo baya: kuka na ƙasa, fut-fut-fut, sau biyu ko biyar a sakan, sifika tana shiga tana fita. Wannan ta layin wuta yake zagayawa. Kowane rukuni na matakai yana da kafasitarsa, µF 16 zuwa 22 galibi, da resista tsakaninsa da na gaba, don kada jan wutar babba ya girgiza ƙarami. In kafasitar ta bushe, kuma zafinmu yana busar da su da wuri, sai matakan su fara jin juna. Gwajin: kashe, sauke wuta, ɗora sabuwa µF 22 mai volt 500 a kan kowace tsohuwa bi da bi, ka kula da fuskar ƙafafu. Wadda ta kashe kukan ita ce. In ɗaya ta mutu don tsufa, canza su duka. Wani lokaci kuma wani mai gyara ne ya riga ka, ya cire kafasitar haɗi 0.022µF ya sa 0.1µF ko fiye wai don bes, ko ya tara matakai uku a kafasita ɗaya. Mayar da su yadda zanen ya nuna. Kada ka rikita wannan da janareto mai numfashi, wanda za ka ga fitilar ɗaki ma tana bin sa, ko da tik-tik na Tremolo, wanda saurinsa ke bin maɓallin Speed. Gurnani mai tsayawa a Hz 50 ko 100 kuwa wani ciwo ne dabam.

Da yake yawancin abin da za a riƙa kawo maka ba masu bawul ba ne, ga na masu taransisto da aisi (IC) a gurguje. A bakin fita akwai resista ƙarama da kafasita a jere zuwa ƙasa: ohm 10 da 0.05µF a LM386, ohm 1 da 0.22µF a TDA2030. In ka ga wannan resista ta yi baƙi, amfilifayar ta yi kukan da ba a ji, kuma in ka canza aisi ka bar ta a ƙone, sabon ma zai bi sahu. Ƙarfen sanyaya da ke zafi ba a kaɗa komai ba, alama ɗaya ce. Kafasita 0.1µF ta zauna dab da ƙafafun wuta na aisi, ba inci uku nesa ba. Waɗannan aisi suna da iyakar da ba a sauka ƙasa da ita: TDA2030 yana son haɓakawa sama da dB 24, kusan sau 16, LM1875 da LM3886 sau 10. Mai rage musu haɓakawa ta hanyar canza resistar fidbak don wai sauti ya yi yawa, kuka yake gayyata, gara ya rage siginar tun kafin ta shiga. Ƙananan aisi na gaba ma haka: in ka cire 4558 ko TL072 ka sa NE5534 ko wani mai sauri don an ce ya fi, ka sani NE5534 ba ya zama lafiya ƙasa da sau 3 sai an ƙara masa pF 22. Jabun aisi kuma sun cika kasuwa, in ka sa sabo ya fara abin da tsohon bai yi ba, gwada na wani shago kafin ka zargi fanel.

In ka ga kamar ka gama da taka, kada ka sallami mai ita daga kan tebur. Mayar da shasi cikin akwati, haɗa sifikarta ta gaske, don sifika ba ta yi wa taransifoma abin da resistar gwaji ke yi, a sama ohm ɗinta hawa yake. Bar diyod da mitar nan a haɗe, ka kai bolum da tirebul da Presence ƙarshe, da jita a soke da kuma a zare, ka bi bolum a hankali daga farko zuwa ƙarshe don wani kukan a tsakiya yake zama. Bar ta ta yi rabin awa a kunne ka sake, sannan a kaɗa ta da ƙarfi a ji ko zuu ɗin nan yana bin tsirkiya. In gwajin cire wayar fidbak bai ba ka amsa ba, turo mini sunan samfurin, da volt na ƙafa ta 3 da ta 4 da ta 5 a kowane 6L6, da hoton cikin shasi daga sama inda wayoyin taransifomar suka fito sosai.